Baitin da Ake Yankewa

Hannun Baba Mato yana kan maɓallin murya tun kafin waƙar ta kai rabi. Jar fitilar da ke saman ƙofa tana ci, alamar duk abin da ya fita daga ɗakin nan yana shiga kunnen jama'a. Kaset yana juyawa cikin tsohuwar rikodarsa, muryar mace tana tashi, siririya amma mai ƙarfi, ƙwarya tana amsa mata daga baya, mata suna tafi.

Ya san waƙar kamar yadda ya san numfashinsa. A tsakar gida aka ɗauke ta, shi ya sa akwai inda ake jin kukan akuya, akwai inda wata ta yi tari. Can wajen ƙarshe zakara yana cara. Daga carar zakaran nan sai bugun ƙwarya uku, sai baitin ƙarshe ya shigo.

Zakara ya yi cara. Baba Mato ya ja maɓallin ƙasa a hankali har muryar ta nutse, sannan ya matso da bakinsa kusa da makirfo.

"Kash! Jama'a, ku yi haƙuri. Tsufa ya kama kaset ɗin nan kamar yadda ya kama mai shi. Nan dai ya saba tsayawa. Wata zabiya ce ta can ƙasar Kabo, ta zamanin da, ba mu riƙe sunanta ba. Masu gadi, masu shayi, direbobin da ke kan hanya, da ku mata da barci ya ƙi zuwa, mu kwana lafiya. Naku ne, Baba Mato, a shirin Tsofaffin Muryoyi."

Fitilar ta mutu. Muhammad Nur, injiniyan da ke kwana da na'urorin ƙaramin gidan rediyon, ya leƙo daga ɗaya ɗakin yana sosa furfurar gemunsa.

"Baba, ni fa kaset ɗin nan yana ba ni mamaki. Shekara shida ke nan, kullum a bakin zakaran nan yake lalacewa. Ko zakaran ne ke tsattsage shi?"

"Kai dai ka kula da janaretonka."

"Ka ba ni shi kwana ɗaya in zuba maka a kwamfuta. Wallahi sai na fito da ƙarshen nan. Mutane sun ishe ni da waya. Jiya wani mai gadin rake ya ce in ba mu gyara ba zai zo da kansa ya yanka zakaran."

"Ranar da ka taɓa kaset ɗin nan, ranar za ku nemi wani tsohon."

Ya faɗa da dariya, Muhammad Nur ma ya yi dariya. Amma da ya zare kaset ɗin, bai jefa shi cikin kwali tare da sauran ba. Ya sa shi a aljihun ƙirjinsa, kamar kullum, ya fita neman kekensa.

* * *

Ya riƙe sunanta. Sunanta Barira, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Mahaifinsu Jibirin makaɗin kalangu ne a Gude, shi ke yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa. Mahaifiyarsu ta rasu Mato bai gama shan nono ba, sai goyonsa ya koma bayan Barira, tana 'yar shekara tara. Da uban ma ya bi, ta ɗauki ƙwarya ta shiga gidajen biki. Da muryar nan ta ciyar da shi, da ita ta ɗinka masa kayan makaranta, da ita ta sai masa akwatin ƙarfen da ya tafi da shi makarantar horon malamai.

A can ya fara jin kunyar gidansu. Wani ɗan ajinsu ya gano asalinsa, washegari ya tarar an kifa masa ƙwarya a kan gado. In an zo rabon abinci sai a ce, "Ɗan maroƙa, yi mana kirari tukuna." Kafin ya gama makarantar ya iya cewa shi ɗan manoma ne ba tare da idonsa ya ƙifta ba.

Watan da ya fara koyarwa a Kara ya sayi rikoda, ya hau mota ya tafi Gude don ya nuna mata. Barira ta zagaya akwatin tana tafa hannu, ta ce, "Wai wannan abin zai haɗiye muryata ya amayo?" Ta kira matan maƙwabta, aka kifa ƙwarya a ruwa, ta yi waƙar da ba ta taɓa yi wa kowa ba. A ƙarshe ta dube shi ta ce:

"Mato ƙanena, ɗan Jibirin mai kalangu,
Na goya ka da zanen Inna,
Na kai ka boko da bakina,
In ka yi girma ka waiwayo Gude."

Ranar ya yi dariya har da hawaye. Bayan shekara biyu ya nemi auren Zubaidatu, 'yar ƙanen mai unguwa a Kara. Wani manomi daga dangin uwa ya roƙa ya tsaya masa a matsayin uba. Ita kuwa Barira ya ce mata, "Yaya, in za ki zo, ki bar ƙwarya a gida, kuma ban da yawan magana." Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "To, Auta." Ba ta zo ba.

Daga nan zumunci ya koma buhun gero da yake aika mata duk kaka ta hannun wani direba. Rabon da ya taka Gude shekara goma sha tara, tun rasuwar mijinta, ranar ma bayan magariba ya shiga, kafin asuba ya fito.

Abin da bai iya bari ba shi ne kiɗa. Duk ƙauyen da aka tura shi koyarwa, da rikodarsa yake yawo. Ya ɗauki masu garaya, masu kukuma, masu gurmi, har waƙoƙin da mata ke yi a bakin dutsen niƙa. Yana ce wa mutane aikin adana tarihi yake. Da ya yi ritaya ya zauna a Gwarzo, aka buɗe gidan rediyon al'umma, sai aka ba shi daren Asabar, daga sha ɗaya zuwa ɗaya. Kowane makaɗi zai sa, sai ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, har da wanda ya koya masa kiɗan. Mutane suna sonsa saboda wannan. Suna cewa Baba Mato ba ya bari sunan kowa ya ɓace.

Waƙar Barira, wani dare ne lokaci ya yi saura ya sa ta don cike gurbi. Tun daga ranar waya ba ta huta ba. Ta zama ita ce abin rufe shiri. Shi ma, in ya faɗa wa kansa gaskiya, mako ba ya yi masa daidai in bai ji muryarta ba.

* * *

Ranar wata Laraba da la'asar yana zaune a inuwar darbejiyar gidan rediyo, yana ɗinke wani kaset da ya tsinke, sai ga wata mace ta sauko daga babur. Ta kai shekara hamsin, hijabinta ya koɗe. Ta durƙusa daga nesa.

"Kawu, ina wuni."

Ya ɗago. Goshin Barira ne, sak, 'yarta ce.

"Sa'ada ce? Lafiya lau. Yaya hanya? Yaya mutanen gida? Yaya yara?"

"Duk lafiya. Yaya Hajiya? Yaya ƙarfin jiki?"

"Da godiya." Ya waiga ya ga ko akwai mai jinsu. Ta ga waigen, ta sunkuyar da kai.

"Na san ba a zuwa gida, shi ya sa na zo nan. Inna ce. Jiki ya yi nauyi. Ido ya tafi tun bara, yanzu ƙafa ma ta bi. Ko ƙofar ɗaki ba ta kaiwa."

"Subhanallahi. Geron bana bai iso ba?"

"Ya iso, Allah ya saka da alheri. Ba gero ya kawo ni ba." Ta gyara zama a kan dugaduganta. "Kawu, duk daren Asabar ba ta barci. Tun magariba take tambaya ko batir yana da ƙarfi. In ka fara magana sai ta ce mana, 'Ku yi shiru, Auta na aiki.' In ka sa waƙarta, da zakara ya yi cara sai ta ɗaga yatsa ta ce, 'Yanzu zai yanke.' In ka yanke ta yi dariya, ta ƙarasa baitin da bakinta."

Baba Mato ya ajiye kaset ɗin da ke hannunsa. 

"Tana jin abin da nake cewa bayan nan?"

"Cewa ba ku riƙe sunanta ba? Tana ji."

Iska ta kaɗa, ganyen darbejiya ya zubo a tsakaninsu.

"Ta ce in gaya maka, ba ta ce ka zo ba. Ba ta ce ka faɗi sunanta ba. Ta ce ka bar waƙar ta kai ƙarshe, sau ɗaya, tana da rai. Yanzu numfashinta ba ya kai ta ƙarshen baitin. Ta ce ta manta yadda muryarta take a wajen, tana so ta ji."

Abu ne da bai fi ya ɗauke hannunsa daga maɓalli ba. Amma baitin yana ɗauke da sunansa da na ubansa da kalangu da Gude, kuma daga Gwarzo har Kabo babu wanda bai san Mato na rediyo ba.

"Ki ce mata na ji. Ki ce mata bayan bikin jikata Rufaida. Mako uku ne kacal."

Sa'ada ta ɗago kai. "Rufaida ta wajen ɗanka Abubakar Sadiq? Ashe aure za a yi."

Sai a lokacin ya tuna ba a kai goron gayyata Gude ba. Ba a taɓa kaiwa ba, ko na suna, ko na aure.

"Allah ya sa alheri," in ji ta. Ta miƙe tana karkaɗe hijabi. "Mako uku ne a wurinka, Kawu. A wurinta kwana ashirin da ɗaya ne, kowanne da darensa."

* * *

Da dare ya gaya wa Hajiya Zubaidatu. Ita kaɗai ce a gidan ta san komai, tun shekarar da ta haifi ɗansu na fari ta tsinci kaset ɗin ta saurara. Tana zaune tana jera kwanukan amarya, ta bari sai da ya gama.

"Malam, Allah ya sani ban ƙi Yaya Barira ba. Da a ce ni ce, da tuni na ce ka ɗauko ta. Amma mutanen nan gidan sarauta ne. Sun aika har Kara sun tambayi kakannina. A kanka ne suka tsaya, aka ce musu tsohon malamin makaranta, suka yi shiru."

"To in sun ji fa? Sata ubana ya yi?"

"Ni kake tambaya? Ka manta 'yar gidan Malam Zubair? Saura kwana biyar ɗaurin aure aka zo aka kwashe lefe, don an gano kakanta na wajen uwa mai kiɗan gangi ne. Yarinyar nan har yau tana ɗakin uwarta." Ta ajiye kwano. "Waɗanda suka kwashe lefen nan, su ne fa ke kiranka a waya suna cewa ka sa musu gangi."

Ta ɗauki wani kwanon, ta ci gaba.

"Rufaida me ta yi? Ita ta zaɓi yaron, shi ya zaɓe ta. Ka fi shekara arba'in kana rufe abu, sai yanzu da ya rage mako uku za ka buɗe shi a kanta? Ka bari a ɗaura. Ranar da aka ɗaura, ni da kaina zan raka ka Gude."

Maganarta gaskiya ce, kuma gaskiyar ta yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata. Asabar ta zo, zakara ya yi cara, ya ja maɓalli. Wata Asabar ta zo, ya sake ja. Abin da ya canja kawai, bakinsa ya kasa cewa ba a riƙe sunanta ba. Sai ya ce, "Nan dai ya saba tsayawa," ya yi sallama. A hanyar gida yana tura kekensa yana ganin yatsa ɗaya a ɗage cikin duhun wani ɗaki.

* * *

Aka ɗaura aure ranar Asabar ta uku da hantsi. Gida ya cika. Dangin ango suka zo da motoci, aka ɗauko masu kiɗan ƙwarya daga wajen Gammo. Daga zaure yana jin guɗa, yana jin gwaggonnin ango suna ce wa zabiya ta ƙara, ta kira sunan kakansu, ta kira na kakan kakansu. Ta kira, suka yi rawa har ɗankwali yana faɗuwa.

Da la'asar ya shiga cikin gida ɗauko tabarma. Baƙi suna cin abinci a rumfa, kan darduma. Masu kiɗan kuwa an kai musu nasu bayan ɗaki, kusa da turken awaki. Wata yarinya cikin dangin ango ta ɗauki kofinsu za ta sha ruwa, uwarta ta fizge ta.

"Ajiye! Ki sha a kofinsu ki tashi da roƙo?"

Zabiyar ta ji. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da cin shinkafarta. Baba Mato ya tsaya da tabarma a hannu. Shekara nawa Barira ta yi tana cin abinci a irin wannan wuri, ta ƙulle naman a gefen zane ta kawo masa?

Da masu kiɗan za su tafi ya same su a bakin titi, ƙore a ka, suna jiran mota. Babbar cikinsu ta gane shi.

"Baba na rediyo! Wallahi duk Asabar muna tare da kai. Don Allah, mutuniyar Kabon nan da kake rufe shiri da ita, wace ce? Irin wannan murya, a ce ba suna?"

"Ki saurara yau," ya ce mata. "Yau za ki ji."

* * *

Ya isa gidan rediyo tun goma da rabi, da babbar rigarsa ta biki. A kan kekensa akwai ƙunshin atamfa da alkaki da zai kai Gude da safe. Ya ji jikinsa sakayau, kamar wanda ya sauke dami.

Ya jera kaset a kan tebur yadda ya saba. Mai garaya a farko, don ya tashi masu gyangyaɗi. Mai kukuma ya biyo. Sai gurmi, sai waƙar niƙa, sai gaishe-gaishe. Na Barira ya zaro daga aljihu ya ajiye a can ƙarshen layi.

"Yau ma zakara zai ci kaset?" in ji Muhammad Nur.

"Yau zakara ya ƙoshi. An yi biki a gidanmu."

"Kai, Baba! Da gaske? To sa ta a farko mana, kafin janareton nan ya yi halinsa."

"Kai injiniya ne, ba mai shiri ba. Wa ya taɓa fara shiri da abin da ya fi daɗi? In ka ba su tun farko, wa zai zauna maka har ƙarfe ɗaya? Mai kyau a ƙarshe ake ajiye shi."

Jar fitila ta kama. Ya yi sallama, ya gaida masu gadi da masu shayi, yana cike da murna.

"Yau akwai tsaraba a ƙarshen shiri, musamman ga mutanen Gude. An gyara wani abu da ya daɗe a lalace. Kada kowa ya yi barci. Na ce kada kowa ya yi barci."

Ya san ta ji. Ya hango ta tana murmushi, tana ce wa su Sa'ada su yi shiru. Ya sa mai garaya, ya faɗi sunansa da na ubansa. Ya sa mai kukuma, ya ba da labarin ranar da ya ɗauke shi a wata kasuwa ruwa yana dukansu. Waya ta yi ta shigowa, ya yi ta amsawa yana zolayar masu kira. Wani direba ya ce a faɗa masa tsarabar, ya ce masa ya rage gudu ya jira. Bai taɓa jin daɗin shiri kamar na daren nan ba, har ya ƙara waƙa ɗaya da ba ta cikin layi.

Saura kwata ƙarfe ɗaya ya ɗauki kaset ɗin Barira ya sa a rikoda. Waƙar niƙa tana gab da ƙarewa. Sai ya ga Muhammad Nur ta gilashi, waya a kunne, yana rubutu a takarda. Ya turo ƙofa a hankali ya ajiye takardar a gabansa.

"Sanarwar rasuwa ce, Baba," ya raɗa masa. "Jana'iza da safe, gara mutane su ji yanzu. Tsarabar sai wani makon."

Al'adar gidan ce, kuma Baba Mato yana cikin waɗanda suka kafa ta. In sanarwar rasuwa ta shigo, take ake karantawa, kuma daga nan ba sauran kiɗa sai gari ya waye. Ya karanta irinta ba adadi. Ya gyara tabarau, ya buɗe makirfo, ya fara kafin idonsa ya kai ƙasan takardar.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malama Barira Jibirin ta Gude..."

Ya tsaya. Jar fitilar tana ci. Daga Gwarzo har Kabo ana jin numfashin wani tsoho a rediyo. Muhammad Nur ya yi masa alama da hannu ya ci gaba.

"...rasuwa, yau da misalin ƙarfe goma sha biyu na dare, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara tamanin. Ta bar 'ya ɗaya, Sa'ada, da jikoki biyar. Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe takwas na safe a ƙofar gidanta."

Nan rubutun ya ƙare. Ya juya takardar, bayanta fari fat. Ko a wannan daren sun rufa masa asiri.

"Jama'a," ya ce, "takardar nan ba ta cika ba. Ta bar ƙane. Ni ne. Mato ɗan Jibirin mai kalangu, na Gude. Ita ta goya ni. Ita ce zabiyar da kuke tambaya, wadda nake ce muku ba mu riƙe sunanta ba. Kaset ɗin kuma lafiyarsa ƙalau. Ni nake yankewa."

Yatsansa yana kan maɓallin rikoda. Dannawa ɗaya ce. Amma ya riga ya karanta rasuwa, kuma kunnen da aka yi tanadin domin shi ya rufe. Ya janye hannunsa.

"Allah ya jiƙanta. Mu kwana lafiya."

Muhammad Nur ya kashe fitilar. Bai yi zolaya ba, bai yi tambaya ba. Ya ce, "Tashi, Baba, in kai ka a babur. Bar keken nan."

* * *

Aka kai ta makwancinta da hantsi. Mutane ba su da yawa. Cikin waɗanda suka zo, wasu sun miƙa masa hannu suna cewa, "Baba na rediyo, ashe taka ce," wasu tsofaffi kuma suka gaishe shi da sunan ubansa, a sauƙaƙe, kamar waɗanda ba su taɓa mantawa ba. Wayarsa tana ta ruri a aljihu, kiran ɗansa Abubakar Sadiq ne. Bai ɗauka ba.

Da aka dawo Sa'ada ta aiko a kira shi ciki. Ɗakin ƙarami ne, a ƙarshen gida. Gadon kara, tabarma, buta. A kan bango wata tsohuwar ƙwarya a rataye, ta tsage an ɗinke ta da zare.

"Ta ji ni?" Ya kasa haɗa tambayar daidai. "Ta ji na ce..."

"Ta ji ka ce akwai tsaraba. Ta ce in tashe ta zaune, in ɗaura mata ɗankwalinta na Sallah. Na ɗaura. Ta saurari mai garaya. Ta saurari mai kukuma, har ta ce ta san shi, wai ya taɓa neman aurenta." Sa'ada ta share ido da gefen hijabi. "Da ka sa na uku sai ta yi dariya. Ta ce, 'Yaron nan har yanzu yana ajiye nama sai ya gama tuwo.'"

Baba Mato ya dafa bango.

"Daga nan ta ce ta gaji. Ta jingina da ni, ta ce in tashe ta in zakara ya yi cara."

Ta fita ta bar shi. Ya zauna a bakin gadon. Kusa da matashi akwai ƙaramin rediyo, fentinsa ya goge a inda hannu ke riƙewa. Ya ɗauka, ya taɓa abin murɗa tasha, ya ji ya ƙi motsi. Ya kai shi wajen hasken ƙofa. An liƙe shi da ƙaro, an zagaye shi sosai, don kada hannun makauniya ya goce daga tashar.

Ya zaro kaset ɗin daga aljihun ƙirjinsa. Babu rikoda a gidan, kuma ba a kiɗa a gidan makoki. Ya ajiye shi kan matashin, kusa da rediyon.

A tsakar gida wani zakara ya hau kan turmi, ya buga fiffike, ya yi cara. Baba Mato ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa, ya danne su. Ya ƙirga uku a ransa, ya saurara.